Tuta da fareti ne kawai, ko akwai taimako? Abin da ƙaramin gari a Amurka ke yi wa 'yan mazan jiya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Maigidana ya yi aikin soja a Amurka, an kai shi Iraƙi, ya ajiye kaki shekarun baya. Bara muka koma wani ƙaramin gari. A watan Mayu na ga an kakkafa ƙananan tutoci a maƙabarta an yi fareti, a Nuwamba kuma aka sake wani taron. A ofishin hukumar garin ma na ga ƙofa an rubuta ofishin tsofaffin sojoji. Shi kuwa tari ya ƙi sakinsa, barci ma ba ya samu sosai, amma ya ce ba inda za shi, wai duk bikin tuta ne. Shin da gaske akwai abin da garin zai yi masa? Kuma mene ne bambancin ranakun nan biyu?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ba maigida lafiya. Maganarsa ba ta rasa ƙanshin gaskiya ba, don ƙaramin gari ba shi da asibitin soja, ba shi ne kuma ke biyan diyya ba. Kuɗin na gwamnatin tarayya ne. Abin da gari yake da shi shi ne mutumin da ya san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa, kuma wannan ƙofar da kika gani a ofishin hukuma tasa ce.

Babbar hukumar da ke riƙe da komai ita ce Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji, wadda kowa ke kira VA. An kafa ta a 1930, ta zama cikakkiyar ma'aikata mai kujera a majalisar ministoci a 1989. Reshe uku gare ta: na asibitoci, na kuɗaɗen diyya da fansho da karatu, sai na maƙabartu. Halinta ɗaya da ya kamata ki sani tun yanzu: ba ta bin mutum gida ta ce ga haƙƙinka. Sai ka nema, a rubuce, da hujja. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, kuma da yawa daga cikin tsofaffin sojoji ba su taɓa ɗaukar magirbi ba, wasu don rashin sani, wasu don suna ganin ai akwai waɗanda suka fi su jin jiki.

To aikin jami'in ofishin tsofaffin sojojin nan ke nan. A yawancin jihohi gunduma ce ke ɗaukarsa, ya riƙa hidimar garuruwan da ke ƙarƙashinta. A jihar Massachusetts kuwa doka ta ɗora wa kowane birni da kowane gari ya samar da nasa, ko ƙananan garuruwa su haɗa kai su ɗauki guda. Can ma har tallafin kuɗi gari ke bai wa tsohon sojan da hannunsa bai kai bakinsa ba, na haya da magani da makamantansu, a ƙarƙashin dokar da suke kira Babi na 115, sannan jiha ta mayar wa garin kashi 75 cikin 100 na abin da ya kashe. Tushen wannan tsari ya koma 1861, farkon yaƙin basasar ƙasar. Ba kowace jiha ce ke da irinsa ba, saboda haka abu na farko da za ki tambaya shi ne abin da jiharku ta tanada a kan na tarayya. Jihohi da dama suna rage wa sojan da ya nakasa harajin gida, kuma a ofishin haraji na gari ko na gunduma ake cike fom ɗin.

Da an zauna gaban teburinsa, kafin ya tambayi ciwo zai tambayi takarda ɗaya: DD-214, takardar sallama daga aiki. A cikinta akwai ranar shiga da ranar fita, da lambobin yabo, da bayanin hidimar ƙasashen waje, da layin da ke nuna irin sallamar da aka yi masa, ta mutunci ce ko akasin haka. Kusan duk wani haƙƙi a kan wannan layin yake rataye. Za ki ga jami'in ya nace a yi mata kwafi a ajiye a wurare daban-daban, kada ki ɗauka fitina ce. A watan Yulin 1973 gobara ta tashi a ma'ajiyar takardun sojoji da ke birnin St. Louis, ta cinye fayil tsakanin miliyan 16 zuwa 18, galibi na sojojin ƙasa da aka sallama tsakanin 1912 da 1960. Gobarar ba ta shafi 'yan zamanin maigidanki ba, amma tun daga lokacin masu wannan aiki ba sa yarda da kwafi ɗaya.

Maganar tari kuwa, a nan nake so ki buɗe kunne. A sansanonin Iraƙi da Afganistan an riƙa tona manyan ramuka ana zuba shara, robobi da tayoyi da sharar asibiti, a watsa man jirgi a cinna wuta, sojoji na kwana suna tashi cikin hayaƙin. Shekara da shekaru duk wanda ya kawo kukan ciwon ƙirji sai a ce ya kawo hujjar cewa hayaƙin ne ya jawo, abin da likita ma da wuya ya iya rantsewa a kai. A ranar 10 ga Agustan 2022 Shugaba Joe Biden ya sa hannu a dokar PACT, ta juya lamarin. Yanzu idan takarda ta nuna mutum ya yi aiki a waɗannan wurare a lokacin da dokar ta ambata, kuma likita ya tabbatar yana da ɗaya daga cikin cututtukan da aka jera, ana ɗauka aikin ne sanadi, ba sai ya yi jayayya ba. Cikinsu akwai asma da ta bayyana bayan barin aiki, da kumburin hanyoyin numfashi mai naci, da ciwon hanci da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, da nau'o'in kansa da yawa. Ban ce tarin maigida yana cikinsu ba, wannan sai likita ya duba. Amma da yawan waɗanda aka taɓa kora a baya sun cancanci su sake nema.

Ana auna nakasa ne daga sifili zuwa kashi 100, goma-goma, kuma kuɗin wata yana hawa da ma'aunin. Akwai wata dabara da jami'in kirki ba ya barin mutum ya fita bai yi ba: shigar da sanarwar niyyar nema. Fom ne gajere, yana riƙe wa mutum kwanan wata har shekara guda yana tattara takardun asibiti, in an amince daga baya sai a biya tun daga ranar. Duk wannan kyauta ne. Na jaddada kalmar saboda tun bayan dokar PACT kamfanoni suka yi yawa a waya da intanet, suna alkawarin ɗaga wa mutum maki su yanki rabonsu. Doka ba ta yarda a karɓi kuɗi a kan shigar da nema na farko ba, kuma lauya ko wakilin da VA ta tantance ma sai bayan an yanke hukuncin farko yake iya cajin aikinsa. Wanda ya fara da maganar kasonsa, a rufe waya.

Rashin barcin ya fi damuna a kan tarin. Tun 1979, saboda waɗanda suka dawo daga Vietnam, aka buɗe wasu ƙananan cibiyoyin ba da shawara da ake kira Vet Center. Ba a cikin asibiti suke ba, da gangan aka yi haka, kuma yawancin ma'aikatansu su ma sun sa kaki. Suna karɓar iyali, wato ke ma kina da wurin zama. Idan dare ya yi tsanani, ko kika ji yana wasu maganganu na gajiya da rayuwa, a buga 988 a danna 1, ba dare ba rana, kuma ba sai shi ne zai buga ba. Fiye da tsofaffin sojoji 6,000 ke kashe kansu a ƙasar kowace shekara, shi ya sa ba na ɗaukar wannan batu da wasa.

Matsalar ƙaramin gari ita ce nisa. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsofaffin sojojin Amurka a karkara suke, babban asibitin VA kuwa a birni. Dokar MISSION ta 2018 ta ba da damar ganin likitan kusa a aljihun VA idan tafiyar mota ta wuce minti 30 don ganin likitan yau da kullum, ko minti 60 don ganin ƙwararre, amma sai an nemi izini tukuna. Akwai kuma motocin ƙungiyar nakasassun sojoji ta DAV, masu aikin sa-kai ke tuƙa su tun 1987, suna kai mutane asibiti su dawo da su ba ko sisi.

Sai ranakun biyu. Ta watan Mayu, Memorial Day, ta waɗanda suka mutu ne a bakin aiki. Ta 11 ga Nuwamba, Veterans Day, ta duk wanda ya yi aikin soja ce, musamman masu rai. Saboda haka a Mayu ba a taya tsohon soja murna; ranar yana tuna abokan da ba su dawo ba, kuma in kika ga maigida ya yi shiru a makon, ki ƙyale shi. A ranar ta Mayu, da safe ana sassauto tuta zuwa rabin sanda, da tsakar rana a ɗaga ta sama, ƙarfe uku kuma a yi shiru na minti ɗaya.

Abin da zai ba ki sha'awa, ƙananan garuruwa ne suka raini ranakun nan kafin gwamnati ta karɓa. Bayan yaƙin basasa mutane suka fara zuwa maƙabartu suna gyara kaburburan sojoji suna ajiye furanni. Janar John Logan, shugaban ƙungiyar tsofaffin sojojin da suka yi wa ɓangaren Arewa yaƙin, ya tsayar da 30 ga Mayun 1868 don a yi a ko'ina. Garuruwa da dama na cewa su suka fara, amma a 1966 gwamnati ta ba ƙauyen Waterloo na jihar New York wannan matsayi. Daga 1971 aka mayar da ranar Litinin ɗin ƙarshe ta Mayu. Ta Nuwamba kuwa asalinta ranar tsagaita wutar Yaƙin Duniya na Ɗaya ce, 11 ga Nuwamban 1918. Garin Emporia na jihar Kansas ya yi bikinta a 1953 da sunan dukan tsofaffin sojoji, shekara na zagayowa Shugaba Eisenhower ya sa hannu aka sauya sunan a ƙasa baki ɗaya. An taɓa ɗauke ta zuwa Oktoba don a sami hutu mai tsawo, jama'a suka ƙi, aka dawo da ita gurbinta a 1978.

Dalilin da ya sa ƙaramin gari ya fi birni riƙe abin ba wuyar ganewa. Garin Bedford na jihar Virginia mutum wajen 3,200 gare shi a 1944. A safiyar 6 ga Yuni, ranar da sojojin ƙawance suka sauka a gaɓar Normandi ta Faransa a Yaƙin Duniya na Biyu, samarinsa 19 na rukuni ɗaya suka mutu. A irin wannan gari sunan da ke jikin dutsen tunawa sunan kakan mai sayar maka da fetur ne. Can aka gina wurin tunawa na ƙasa da wannan rana, aka buɗe shi a 2001.

Ni dai ban yarda da raba bikin da hidimar ba, duk da na san akwai garuruwan da suke tsayawa a tuta don ita ce mai arha. Tutocin da kika gani a maƙabarta, wani ne ya riƙe jerin sunaye kabari-kabari, ya san wane ya yi Koriya wane ya yi Vietnam, ya bi ya sauya wadda rana ta cinye. A Massachusetts doka ma ta sa a naɗa jami'in kula da kaburburan sojoji. Sau da yawa mai riƙe da jerin matattu shi ne mai riƙe da na masu rai, ko kuwa ofishinsu ɗaya, kuma a wurin fareti yake gano sabuwar fuska ya miƙa masa kati. Matan da aka mutu aka bari ma a nan da yawa suke fara jin cewa suna da haƙƙi.

Haka jana'iza. Tun shekarar 2000 doka ta ce duk tsohon sojan da ya cancanta, in iyali sun nema, a turo aƙalla sojoji biyu cikin kaki, a busa begila, a naɗe tuta a miƙa wa iyali. Ana naɗe ta ne har ta koma kusurwa uku, ba abin da ke fitowa sai shuɗin da taurari. VA na ba da dutsen kabari kyauta ko da a maƙabartar da ba ta gwamnati ba ce, kuma cikin alamomin addini da ake zaɓa akwai jinjirin wata da tauraro. Masu harba bindigar ban girma kuwa galibi dattawan reshen American Legion ne, ƙungiyar tsofaffin sojoji da aka kafa a 1919, ko na VFW, ƙungiyar waɗanda suka yi yaƙi a ƙasashen waje. Ƙungiyoyin nan sun tsufa, rassa na rufewa, samarin Iraƙi da Afganistan ba su cika shiga ba, wasu don zaman bai yi musu ba. Duk da haka suna da wakilan da aka tantance masu cike takardun VA kyauta, ko mutum ba ɗan ƙungiya ba ne.

Game da ƙin zuwansa, kada ki ja da shi a kan fareti, ba dole ba ne, kuma akwai sojojin da ƙarar ganga da harbin bindiga ke tayar musu da abin da suke ƙoƙarin mantawa. Ke ki fara zuwa. Ki kira tukuna, don a ƙaramin gari jami'in kan zauna ne kwana ɗaya ko biyu a mako. Zai iya yi miki bayanin komai, sai dai ba zai shigar da nema ba sai da sa hannun maigida. Ki tambaye shi abu uku: rajistar asibitin VA tare da gwajin shaƙar guba da ake yi wa waɗanda suka yi rajista, sanarwar niyyar nema, da Vet Center mafi kusa. Ki kuma tambaya ko yana zuwa gida, don wasunsu suna yi. Kafin nan ki lalubo DD-214. In ta ɓace, ana neman wata daga ma'ajiyar St. Louis ba tare da biyan kuɗi ba, shi ma jami'in zai taya ku cike buƙatar.