Tambaya da Amsa: Mahaifi Baƙo, Uwa Bakanuwa

Tambaya: Malam, ni haifaffen Damagaram ne, amma shekarata 18 ina kasuwanci a Kantin Kwari, kuma matata Bakanuwa ce. Yaya zan zama ɗan Najeriya, kuma mene ne matsayin 'ya'yanmu? Daga wani mai karatu a Fagge.

Amsa: Alhaji, ka kwantar da hankalinka game da yaran, domin sashe na 25 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk wanda aka haifa a Najeriya, matuƙar ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne, shi ma ɗan ƙasa ne. Sai dai mai haƙƙin da ba shi da shaida yakan sha wahala ranar neman fasfo, saboda haka ka karɓar musu takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa.

Kai kuwa aure ba zai ba ka ba, domin sashe na 26 matar da ta auri ɗan Najeriya kaɗai ya ambata. Hanyarka ita ce sashe na 27, wanda ya shardanta zaman shekara 15, kyawun hali, da gamsuwar gwamnan jiha cewa jama'ar da kake zaune cikinsu sun karɓe ka. Ana nema ta Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, shugaban ƙasa ne ke amincewa.