Bututun bindigar da ka tarar a akwatin Baba

Assalamu alaikum. Ƙanena, Allah ya jiƙan Baba, ya kyauta makwanci, ya ba ku haƙurin rashinsa. Tun jiya da daddare na ga tambayarka, na bari sai na rufe shago don in amsa a natse. Ka ce kuna share ɗakin ajiyarsa kuka ci karo da akwatin ƙarafa, a ciki akwai bututun raifal mai kauri da nauyi, babu ƙota, babu kunama, sai 'yan kusoshi da sifirin. Wasu sun ce ka kai wa maƙeri ya mayar da shi bindiga don tsaron gona, wasu sun ce ka sayar wa 'yan gwangwan, kai kuma kana son sanin ko zai yi wani amfani. Sana'ata injin sassaƙar ƙarfe ce a Kaduna, na haura shekara 20 a kanta, kuma irin wannan bututun ya taɓa zuwa hannuna daga kayan kawuna, wanda maharbi ne.

Kafin komai, kada ka kai shi kusa da wuta, kada ka buga shi da guduma, kada ka bari yara su ɗauka. Ka ɗaga shi ka leƙa ta gindinsa, bakin yana kallon sama inda ba kowa, ka ga ko haske yana wucewa tas. In bai wuce ba, ka ajiye shi haka nan. Sau da yawa zanzaro ne ya yi gini a ciki, amma kan iya zama harsashi ne ya maƙale, kuma albarushin da bai sha ruwa ba yana iya shekara da shekaru bai mutu ba. Tsofaffin maƙera sun san wannan tun zamanin bindigar toka, shi ya sa ba sa jefa tsohon bututu a wuta sai sun zura sanda sun auna zurfinsa. Kuma ka sanar da sauran magada, domin kayan gado ne, ba naka kai kaɗai ba.

Maganar mayar da shi bindiga, ka cire ta daga ranka. Dokar makamai ta Najeriya, wadda aka yi tun 1959 kuma ake aiki da ita har yau, tana ɗaukar sashen bindiga a matsayin bindiga. Bututu shi kaɗai, ko ba ƙota ba kunama, yana cikin lissafi. Dokar ta raba makamai gida uku: bindigar ɗuri da kwamishinan 'yan sandan jiha ke ba wa lasisi, bindigar farauta irin ta ɗaiɗaikun mutane da lasisinta ke hannun Sufeto Janar, sai haramtattu da ba wanda zai riƙe sai da izinin shugaban ƙasa. Raifal irin na soja mai awon .303 ko milimita 7.62 yana cikin wannan kashi na uku, kuma hukuncin riƙe shi ko ƙera shi ba izini yana farawa daga shekara 10 a gidan yari. Ko da Baba yana da lasisi, da sunansa aka bayar, ba ya bin gado. Na san akwai bidiyoyin Amurkawa a YouTube suna harhaɗa raifal daga ragowar kayan gyara, to can dokarsu ta tarayya gangar jikin bindigar take kallo, bututu kuwa ana sayar da shi kamar kowane ƙarfe. A Ingila ma ba haka ba ne, balle nan.

Ko da babu doka, ni da na san ƙarfe ba zan tsaya kusa da wanda zai harba shi ba. Mai faci yana ba tayar mota iska 32 zuwa 35 a ma'auninsa. A wannan ma'aunin dai, harsashin .303 yana kai kusan 49,000 a cikin bututu, na .308 kuma 62,000. Bututun ba shi kaɗai yake riƙe wannan ƙarfi ba, sai da makullin da ke toshe gindinsa, wanda aka yi masa daidai da shi, kuma tazarar da ake yarda da ita tsakaninsu ba ta wuce kaurin takarda biyu ko uku ba. Da masaba da magagari ba a samun wannan awon. In ya kuskure, bayan ne ke fashewa, kuma bayan shi ne daidai idon mai harbi. Sannan ka tambayi kanka me ya sa aka cire shi aka jefa akwati tun farko. Bututu mai kauri ana yin sa ne don kada ya yi saurin zafi ko rawa lokacin harbi, kuma masu amfani da shi sukan sauya shi bayan 'yan dubban harbi, saboda wutar albarushi tana cinye wuyansa daga ciki har ya tsattsage kamar fadama da rani. Tsofaffin harsasai kuma suna barin wani gishiri mai jawo laima, tsatsa ta yi ta haƙa ramuka a inda ido ba ya gani. Daga waje sai ka gan shi sumul.

Sayar wa 'yan gwangwan a ɗungum shi ne ya fi tayar min da hankali. Nawa da na auna, tsawonsa santimita 66, kaurinsa kamar santimita 3, nauyinsa kilo 3 da ɗan wani abu. Kuɗin kilo uku na ƙarfe ba zai sayi abin kirki ba, amma ba ka san hannu na uku da na huɗu da zai shiga ba. Mu da muke da 'yan uwa a ƙauyukan Zamfara da Katsina da Birnin Gwari mun san abin da bututu ɗaya yake iya zama in ya faɗa hannun da bai dace ba.

Ga yadda nawa ya kasance. Bayan rasuwar kawu na kawo shi shago na jefa ƙarƙashin benci, ya yi wajen shekara biyu a can, ni a ganina ƙarfe ne kawai. Wani dattijo tsohon ɗan sanda da ya kawo gyaran injin niƙa ne ya hango shi, ya ja ni gefe ya ce, “Malam, ka san abin da kake ajiye da shi kuwa?” Ranar ban yi barcin kirki ba. Washegari na samu mai unguwarmu, na ɗauko tsohon lasisin kawu da takardar shaidar rasuwarsa, muka tafi ofishin 'yan sanda mu kaɗai, bututun na bar shi a kulle a shago. Wannan ka riƙe shi da kyau: kada ka ɗauko shi ka hau babur da shi, domin in aka tsare ka a shinge ba wanda zai saurari niyyarka. Ka je ka ba da rahoto a rubuce, tare da mai unguwa ko lauya, su za su ce maka yadda za a yi. Ni sun biyo ni shago, an rubuta lambar da ke jikinsa, aka yanka shi da wutar gas a gabansu gida huɗu. Suka tafi da gindin, inda harsashi ke zama da inda lambar take, suka bar min guntaye uku a matsayin ɓaraguzan ƙarfe, da takarda mai sa hannu wadda har yau tana cikin fayil ɗina. Kai wataƙila su karɓe duka. In sun karɓa ka bar musu da zuciya ɗaya, ka dai tabbatar ka fito da takarda. In kuma a Nijar kake, jandarma za ka nufa.

To in an bar maka guntayen, a nan ne aikinmu ya fara, kuma ƙarfe ne mai daɗin aiki. Yawancin bututun zamani ɗayan biyu ne. Akwai wanda muke kira 4140, mai gawayi kusan kashi 0.4 cikin 100 da ɗan kuromiyam, shi ne mai yin baƙi da tsatsa. Akwai kuma fari marar saurin tsatsa, 416, wanda aka sa wa farar wuta don ya yi sauƙin yanka a inji. Maganaɗisu yana kama su duka biyun, don haka ba zai raba maka su ba, launi da tsatsa za ka duba. Farin ba ya son walda, ba ya son masaba, tsagewa yake yi, sai dai inji. Nawa baƙin ne.

Abin da kowa ke fara tunani shi ne wuƙa, ni ma haka. Na ba maƙerin da ke maƙwabtaka da ni guntu ɗaya, ya buge shi ya fitar da wuƙa kyakkyawa, amma mahaucin da ya gwada ta bai gama fiɗar akuya ɗaya ba sai da ya wasa ta sau uku. Gawayinsa ya yi kaɗan. Sifirin ɗin mota yana da kusan 0.6, tsohon magagari ya kai 1 ko ya haura, shi ya sa su ne ke riƙe kaifi. Ga kuma ramin tsakiya: in ka daddale bututu, bangon ciki yana haɗuwa ne kawai ba ya narkewa ya zama ɗaya, sai ya bar tsaga a ɓoye. Wuƙar nan a ƙarshe ta wurin ta dare. An yi ƙarfen ne don juriya da ɗaukar duka, ba don kaifi ba.

Inda ya biya ni shi ne hinjin get. Wahalar yin hinji mai kyau ita ce samun rami miƙaƙƙe a tsakiyar ƙarfe mai kauri, shi kuwa wannan an riga an huda shi da awon da ba injin da ke layinmu zai iya. Na yanka guntu na biyu santimita shida-shida, na buɗe ramin zuwa milimita 16, na sassaƙa masa ƙusa daidai, na sa ɗan ƙwallon boris a ƙasa. Karon farko na yi kuskure, na sa yaro ya yi waldarsa da sanyinsa, bayan 'yan makonni ya tsage a gefen waldar, get ɗin ya sunkuya. Laifina ne, na san 4140 ba ya yarda da haka amma na yi gaggawa. Sai an fara ɗumama shi ya kai kamar digiri 250 zuwa 300, a yi walda da sanda 7018 busasshiya, sannan a binne wurin da toka ko busasshen yashi ya huce a hankali. Da na sake yi haka, get ɗin gidanmu ke nan har yau, yaro ɗan shekara biyar yana tura shi da hannu ɗaya. Daga guntu na uku na fitar da bushin guda biyu na injin markaɗe, da ƙarfen da magina ke ratayewa a zare don duba miƙewar bango, saboda ramin zaren yana tsakiya cif. Sauran ɗan abin da ya rage maƙerin ya karɓa yana lanƙwasa zobba a kansa. In za a ba shi tauri, a kai shi ja kamar digiri 850 a tsoma a mai, ban da ruwa, ruwa fasa shi yake yi.

Abu ɗaya da ba zan yarda a yi da shi ba shi ne duk abin da zai taɓa abinci ko baki. Wani ya ba ni shawarar in yi ƙaramar taɓaryar dakan yaji, wani ya ce bututun hura wuta. A cikin tsagogin da ke murɗe a ciki akwai ragowar dalma da tagulla da ba sa fita da wankin kananzir. Wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan Zamfara a 2010, sama da 400, ba zai kai wannan ƙarfe madafa ba. Ko lokacin yanka da gogewa ka rufe hanci, ka share ƙurar, ka wanke hannu kafin ka ci abinci.

Kuma kada ka ji kamar an wulaƙanta kayan Baba don an yanka shi. Bayan yaƙe-yaƙen Napoliyon, tsofaffin bututun bindigogi aka riƙa haɗawa baki da gindi a Ingila ana jan iskar gas ta fitilu da su. A Mozambik, bayan yaƙin basasa, Bishop Dinis Sengulane ya jagoranci shiri daga 1995 inda mutum zai kawo bindiga a ba shi fartanya ko keke ko keken ɗinki, a yayyanka bindigar, har aka ƙera kujera da guntayen wadda ke gidan tarihi na Birtaniya a Landan. Nan kusa da mu, a Agadas, ranar 25 ga Satumba 2000 aka tara bindigogi sama da 1,000 aka cinna musu wuta a bainar jama'a bayan sulhun tawaye. Ni kam duk safiya in na tura get ɗin nan sai na yi wa kawu addu'a, abin da ban taɓa yi ba a shekara biyun da bututun yake kwance ƙarƙashin benci.

Yau dai ka kulle akwatin, ka nemo duk wata takarda da Baba ya bari, gobe da safe ka ga mai unguwa. Kusoshi da sifirin ɗin ma ka haɗa su cikin rahoton, kada ka ware komai. In an gama an bar maka wani abu, ka auna tsawo da kaurin kowane guntu ka rubuto a nan, ka faɗa min baƙi ne ko fari, in gaya maka hinji nawa zai fitar.