Amsoshin Tambayoyinku: Fentin Burano, Jabun Bokiti da Kabewar Roba

Salamu alaikum jama'a. Saƙonnin wannan makon kusan duk akan kwalliyar gida ne, ga waɗanda na ɗauka.

TAMBAYA: Anti na ga bidiyon wani ƙauye a tsakiyar ruwa a Italiya, gidajen ja da kore da shuɗi da rawaya. Mun kusa gama gini a Kaduna, ina so a yi wa gaban gidan irin wannan kalar. Mai fentinmu ya ce zai samo min bokiti a rabin kuɗi, in karɓa?

AMSA: Kar ki karɓa Hajiya. Wancan wurin Burano sunansa, tsibiri ne kusa da birnin Venis, wajen minti 45 a jirgin ruwa. Asalin mutanen masunta ne, matansu kuma sun yi suna wajen saƙar leshi da allura, ana ma cewa saboda hazo suka fara shafa kaloli masu haske don mai dawowa daga kamun kifi ya gane gidansa. Abin da bidiyo bai nuna miki ba, a can mutum ba ya tashi haka kawai ya shafa kalar da ya ga dama, sai ya nemi izini hukuma ta faɗa masa kalolin da aka yarje wa gidansa, kuma suna yawan sabunta fentin don laima da iskar gishiri na cin sa. Sannan kyan nasu a jerin yake, ƙananan gidaje manne da juna, farin zagaye a kowace taga, ruwa a gabansu. Gida ɗaya mai katanga da get ba zai ba ki wannan ba. Ki yi wa bango ruwan ƙasa ko ruwan madara da ke jure ƙurar hunturu, ki sa kalar da ranki ke so a ƙofa da tagogi, ya isa.

Yanzu maganar rabin kuɗi, don wallahi ita ce ta fi ci min rai. Kowa ya san inda bokitin fenti ya kai yanzu, to wane ɗan kasuwa ne zai sayar da na gaske a rabi? Bokitin kamfani ake tsintowa bayan an gama aiki a wanke a zuba wani abu da aka tsinka da ruwa da alli a mayar da murfi, ranar da aka shafa ya yi kyau, bayan sati biyu ki goga tafin hannunki a bango ki ga ya fito fari fat da gari, ruwan farko na damina kuma ya zubo da shi layi layi har ƙasa. Kin biya mai fenti, kin biya fenti, badi ki sake biyan duka biyun har da kuɗin kankarewa. Arha ba ta ado. Ja da shuɗi ma na gaskensu ranar nan tamu tana kashe su da wuri balle jabu. Kuma abin da mutane ba sa so su ji, fentin mai na arha musamman ja da rawaya wani na ɗauke da dalma, in ya fara ɓarewa yara su tsinta su kai baki, dalma kuwa ƙwaƙwalwar yaro take taɓawa. Don Allah ki je wajen dila da kanki ko ki tura maigida, kar a ba mai aiki kuɗi a hannu, ki duba murfin ba a taɓa ɓalle shi ba, ki duba tambarin SON, wato hukumar kula da ingancin kaya ta Najeriya, ki karɓi rasit. Ki fara sayen ƙaramin gwangwani a gwada a gefen bango. Sabon fulasta kuma a bar shi ya yi kamar wata guda ya bushe tukuna, duk gaggawar tarewa.

TAMBAYA: Aure ya kawo ni Amurka bana. Maƙwabciyata ta gayyace mu cin abincin Thanksgiving ta ce ni zan yi kwalliyar tebur, ban san komai akai ba, tsoro nake kar in ji kunya.

AMSA: Kwantar da hankalinki ƙanwata, ba za ki ji kunya ba in sha Allahu. Bikin ranar Alhamis ta huɗu a Nuwamba ake yinsa, tushensa godiya ce akan amfanin gona, kuma ke da kika taso kina ganin kaka kin fi su sanin kayan. Ƙananan kabewa, masara busasshiya, tuffa, ganyen da ya koma ja da ruwan goro, shi kenan. Kabewa takan yi sauƙi da zarar an wuce 31 ga Oktoba. In kin taho da faifai ko ƙwarya daga gida ki jera su a ciki a tsakiyar tebur, za ki ga yadda za su yi ta tambaya. Sai dai ki kula, kar tarin ya yi tsawo ya kare fuskokin mutane, ki bar wurin kwanukan abinci, ganyen da kika tsinto a waje ki goge shi saboda ƙwari, kar ki sa kyandir kusa da busasshen ganye, jajayen 'ya'yan itacen bakin hanya kuma ki rabu da su don wasu guba ne ga yara. Ki kuma gaya mata tun yanzu ba kwa cin naman alade ko abin da aka dafa da giya.

TAMBAYA: Ina Kano, zan yi oda ta intanet a kawo min kabewar roba da ganyen roba irin na Turawa, wane shago ya fi?

AMSA: Haba baiwar Allah. Kabewar roba da kuɗin dala da kuɗin jirgi, alhali ga ta gaske tuli a Yankaba? Babu shagon da zan nuna miki. Ki sayi kabewa ki ɗora zangarniyar gero da dawa da jan zoɓo, in kin gama ki yi miyar taushe da ita.

TAMBAYA: Wani ejan ya ce zai kai ni Burano in na biya rabi yanzu.

AMSA: Malam, Burano a Italiya take, sai da bizar Shengen, wato ta shiga ƙasashen Turai, kuma ofishin jakadanci ne kawai ke bayar da ita. Duk ejan da ya ce maka biza tabbas ce, riƙe kuɗinka.