Ku Tambayi Mai Kujera: Rufin Yadi da Ƙurar Kaduna

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na sayi Mercedes CLK ƙirar 2006, irin mai rufin yadi da ake naɗewa baya, 'yar Kwatano. Da ta iso rufin baƙi ne wuluk. Yanzu ya yi toka-toka, ga fararen layuka daidai inda yake lanƙwashewa, ruwa kuma ya daina gangarewa, sai dai ya jiƙe sharkaf. Duk Asabar yara ke wanke min ita da garin sabulun wanki da injin feshi. Wani abokina ya ce in shafa masa man goge takalmi ko baƙin mai. Me zan yi kafin damina? (Mai karatu daga Unguwar Rimi)

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa abin hawan alheri ne, ya tsare hanya. Ka gaishe min da abokin naka, amma kada ka bari ya matso kusa da motar da gwangwanin man takalmi a hannunsa. Mai kowane iri ne kama ƙura yake yi, baƙin mai kuwa har robar da ke cikin rufin zai ci.

Eh, akwai roba a ciki, kuma a nan mutane da yawa ke ɓata lissafi. Yadin nan ba falle ɗaya ba ne, uku ne a manne. Na waje saƙa ce ta zaren roba, shi ne ido ke gani. Na ciki shi ke kallon fasinja. Tsakaninsu akwai siririyar roba, ita ce ainihin mai hana ruwa shiga. Kamfanin Haartz na Amurka na cikin manyan masu yin wannan yadi, kuma irin wanda ake kira Sonnenland shi aka fi sani a motocin Jamus. To jiƙewar da kake gani ba ta nufin rufin ya huje. Maganin da aka fesa wa saƙar waje tun daga masana'anta ne ya wanke, sabulun nan naka kuwa shi ya wanke shi, kamar yadda yake cinye maiƙon sabuwar shadda. Da maganin ya tafi, sai ƙura da rana su samu ƙofa.

Ƙurar ita ce babbar matsalarmu a garin nan. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na zuba ta dare da rana, ga ta laushi, tana shigewa tsakanin zare da zare. In aka kawo min irin motar nan rumfata a Panteka, abin da na fara yi shi ne in goga babban yatsana a kan yadin ta kishiyar saƙa. Sai ka ga gari ya taso fari fat, a rufin da mai shi ke rantsuwa jiya aka wanke. Yaron wankin mota da ya sheƙa ruwa a kan wannan ƙurar laka ya kwaɓa, injin feshi kuma ya tura ta can ciki. In ta bushe ka naɗe rufin, ƙwayoyin yashin su riƙa cin zaren a wurin lanƙwasa. Fararen layukan naka ke nan. Wanda ƙura ce kawai zai fita, wanda zaren ya riga ya goge kuwa ba sabulun da zai dawo da shi.

Saboda haka wankin rufin yadi a bushe ake fara shi. Ka sami inuwa, ka ɗaga rufin ka kulle shi ya miƙe sosai. Ka sa buroshi mai laushi, irin na goge takalmi amma sabo wanda bai taɓa ganin mai ba, ka share daga gaba zuwa baya, sannan ka bi da injin zuƙe ƙura in kana da shi. Kada ka yi gaggawar wannan mataki, rabin aikin ke nan. Bayan haka ka jiƙa shi da tiyo marar ƙarfi ko da kofi. Sabulun da aka yi domin wannan aiki ya fi, irin su RaggTopp ko Renovo ko Autoglym, waɗanda galibi sai an yi odarsu ko an sa wani ya taho da su. In babu, ɗan shamfu na jarirai a bokitin ruwa zai yi. Ka cuɗa da buroshin a hankali, yanki yanki, kada kumfa ta bushe a kai.

Ɗauraya ce wurin da yara ke ha'inci. A yi ta zuba ruwa har sai wanda ke gangarowa ya fito garau ba ko ɗigon kumfa, domin sabulun da ya saura a saƙa shi ke jawo sabon datti, kuma yana hana maganin kariya kamawa. Tsanewa kuma ba da tsohon tawul ko singileti ba. Gashinsu zai manne a baƙin yadi har ka gaji da tsinta. A danna ƙyallen goge mota marar gashi a kai ya sha ruwan, sauran a bar wa iska.

Sai ya bushe ƙarau, ka taɓa wurin ɗinki ka ji ba sanyi, sannan maganar kariya. Wanda na fi amfani da shi 303 Fabric Guard ne, RaggTopp ma suna da nasu. Ka rufe gilasai da fenti da robobin gefe da tsofaffin jaridu da salatif na masu fenti, don maganin na barin tabo mai wuyar fita. Ka fesa siriri sau biyu, ka bar na farko ya sha iska kafin na biyu. Feshi ɗaya mai kauri kwanciya yake yi dabbare-dabbare. Ka karanta abin da aka rubuta a jikin kwalbar kan tsawon lokacin da ba a so ruwa ya taɓa shi, ni dai nakan ce mota ta kwana a rufe. Kada ka yi feshin ranar da ake iska mai ƙura, ka zo ka liƙe dattin da ka sha wahalar cirewa. Watan Afrilu ne lokacinsa a nan, hazo ya ɗauke, ruwa bai kankama ba. Gwajinsa mai sauƙi ne: ka yayyafa ruwa, in ya dunƙule ya gangara, to da sauran magani, in yadin ya yi duhu ya shanye to a sake.

Tokar da rana ta sa masa, in wanki bai mayar da baƙin ba, akwai rini na musamman, Renovo na yin sa. Bayan wanki ake shafa shi, kafin maganin kariya.

Su kuma yaran naka, ba sai ka kore su ba. Ka ce su wanke jiki da tayoyi, rufi kuwa su ƙyale maka shi, da muguwar rawa gara ƙin tashi. In dole sai an yi da injin, a tsaya nesa, kada a saita bakinsa kan ɗinki ko gefen gilashin baya.

TAMBAYA: Malam, tawa duk damina sai ta riƙa warin gumi, ga wani kore-kore a gefen rufin. A gindin darbejiya nake ajiye ta saboda rana. (Wata mai karatu daga Barnawa)

AMSA: Hajiya, fumfuna ce, kuma ina kyautata zaton ana naɗe rufin da danshi. A watan Agusta, da ake kwana ana wuni ana ruwa, in kika naɗe shi a jiƙe ya kwana a akwatinsa, kin ba ta gida. Ki wanke kamar yadda na faɗa wa Alhaji, ki bi wurin koren da tsohon buroshin haƙori. In ya ƙi, ki sirka farin binega da ruwa ki gwada tukuna a wani lungu da ido ba ya kaiwa. Bilic kam a'a, zai kashe fumfunar ya haɗa da launi da zaren ɗinki.

Darbejiyar ce ban yarda da ita ba. Inuwarta da daɗi, amma 'ya'yanta da ganyenta da kashin tsuntsaye da na jemage duk a kan rufin suke sauka. Kashin nan kada ya kwana: a jiƙa shi ya yi laushi a ɗauke, ba a kankare shi a bushe. Ganyen kuma yana gangarawa cikin magudanan da ke gefen akwatin rufi ya toshe su. Na sha ɗaga kafet ɗin bayan kujera in tarar da ruwa kwance, baƙi, da ruɓaɓɓun 'ya'yan darbejiya cunkushe a bakin ramin, mai mota kuwa ya zo da niyyar a canja masa rufi gaba ɗaya. Ki sa a zuba ruwa kaɗan a magudanar a duba ko yana fita ta ƙarƙashin mota. Rumfar kwano ta fi miki kowace bishiya.

TAMBAYA: Oga, tagar bayan Peugeot 306 ɗina ta roba ce, ta yi hazo ba na ganin na bayana. (Ɗalibi daga Kawo)

AMSA: Ƙanina, ka riƙe motar nan da kyau, ba a cika ganinta ba. Ko da yake garin Peugeot muke, tun da masana'antar Kakuri ta fara aiki a 1975, wannan mai buɗewar, kamfanin Pininfarina ne suka haɗa ta a Italiya. Hazon ƙananan ƙarce ne daga goge ƙura da busasshen tsumma, sai kuma ƙunar rana. Kullum ka fara zuba ruwa, sannan ƙyalle mai laushi, kuma ka nisanta ta da ruwan goge gilashin gida. Man goge fitilun mota na roba zai rage hazon in bai yi nisa ba. In ta riga ta yi ruwan ƙasa ta fara tsagewa, ka kawo ta a farke a ɗinka sabuwa, ba sai an taɓa sauran rufin ba.