Tambaya da amsa: Jiragen yaƙin duniya na biyu da ke ɗaukar mutane yawo a Amurka, da gaske tsofaffin ne?

Tambaya: Salam Injiniya, na ga wani bidiyo na wani ƙaton jirgin jefa bam mai farfela huɗu ya sauka a wani gari a Amurka, mutane na bin layi suna biyan kuɗi a zaga da su sama. Wai da gaske jirgin yaƙin Hitila ne ko dai kwaikwayonsa aka ƙera? In kuma na asalin ne, ba ganganci ba ne mutum ya hau jirgin da ya haura shekara 80?

Amsa: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Na asali ne, sai dai akasarinsu waɗanda aka ƙera ne a ƙarshen yaƙin wajen 1944 da 1945, da yawa ma ba su taɓa zuwa fagen daga ba, shi ya sa suka tsira. In mai farfela huɗu ka gani to mai yiwuwa B-17 ne ko B-29. Shi B-17 kamfanin Boeing ya zana shi, an ƙera sama da 12,700 amma yau masu tashi ba su kai yatsun hannu ba. B-29 kuwa, irin wanda ya jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima, guda biyu kacal suka rage suna tashi, masu suna FIFI da Doc, kuma dukansu daga wani filin gwajin makaman sojan ruwa a hamadar Kalifoniya aka kwaso su. Doc sai da ƴan sa-kai suka shafe kusan shekara 16 suna gyaransa a birnin Wichita na jihar Kansas kafin ya sake tashi a 2016. (Ire-iren jiragen nan ma sun ratsa ta Kano da Maiduguri lokacin yaƙin, a hanyarsu daga Akara zuwa Khartum.)

Me ya sa suke yawo gari-gari? Kuɗi ne malam. Ba gwamnati ce ke riƙe da su ba, ƙungiyoyi ne na sa-kai, kuma B-17 kaɗai yana shan wajen galan 200 na mai a awa ɗaya, ga inshora ga kayan gyara da wasunsu babu kamfanin da ke yinsu yanzu sai dai a ƙera da hannu ko a ciro daga gawar wani jirgin. To kuɗin kujerar nan, da ake biyan kamar dala 450 na rabin awa a B-17 a shekarun baya, shi ne abincin jirgin. Cikin masu hawa kuma akwai jikokin waɗanda suka yi yaƙin ne, suna so su ji ƙarar da kakansu ya ji, don ciki ba AC ba kushin, ƙarfe ne zalla da iska da warin mai.

Yanzu batun ganganci. Ni a matsayina na bakanike shekarun jirgi ba su cika tayar min da hankali ba, abin da nake tambaya shi ne wa ke duba shi, kuma wa ke duba mai dubawar. Ranar 2 ga Oktoba 2019 wani B-17 mai suna Nine-O-Nine na gidauniyar Collings ya faɗi a filin jirgin Bradley a jihar Connecticut, mutum 7 cikin 13 suka rasu. Da hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta buɗe injinan sai ta tarar da matsalar magneto (na'urar da ke ba fulogi wuta) a inji na huɗu, na uku kuma fulogansa sun cinye, wato abubuwan da sabis na yau da kullum ya kamata ya kama tun a ƙasa, sannan matuƙin ya sauke tayoyi da wuri gudun jirgin ya ragu bai kai titin saukar jirgi ba. Abin da ya fi ba ni haushi, matuƙin nan shi ne kuma shugaban sashen gyara, kaga ba mai ce masa yau jirgin nan ba zai tashi ba. A 2020 hukumar FAA mai kula da sufurin jiragen sama a Amurka ta janye wa gidauniyar izinin ɗaukar fasinja, daga baya suka daina yawon gaba ɗaya.

Tsufan ma yana da nasa rabon fa, ƙarfe na gajiya. B-17 na EAA, wata ƙungiyar masu sha'awar jiragen sama, an ajiye shi a 2021 saboda matsala a inda fiffike ke haɗuwa da jiki, a 2023 kuma FAA ta sa a duba wajen a duk sauran B-17.

Ka kuma sani jiragen nan ba sa ƙarƙashin ƙa'idar jiragen fasinja irin wanda ke kai ka Jidda, izini ne na musamman aka ba su don tarihi, don haka haɗarin ya fi na jirgin kasuwa ko ba a faɗa ba. Da ni ne zan hau, amma sai na tambaya ko mai gyaran daban ne da mai tuƙin. In kuma zuciyarka ba ta kwanta ba, ana shiga a zaga cikinsa yana fake a ƙasa da ƴan daloli kaɗan.