Amsa ga mai tambaya kan funfuna a huhun mahaifinta

Malama, sannu da jinya, Allah ya ba Baba lafiya. Kin ce yana kwance a ɗakin kulawa ta musamman da ciwon huhu, yana da ciwon suga, kuma likitoci suna zargin funfuna ta shiga huhunsa, alhali kin karanta cewa masu sankarar jini kaɗai take kamawa. Na yi shekaru ina aikin jinya a ɗakin masu cututtukan jini kafin a mayar da ni ɗakin kulawa ta musamman, don haka na ga ɓangarorin biyu da idona.

Abin da kika karanta yana da tushe, amma bai cika ba. Funfunar da ta fi yin wannan ɓarna, wadda ake kira Asfajilus, tana cikin ƙura da ƙasa da ruɓaɓɓen ganye, kuma kowannenmu yana shaƙar ƙwayoyinta kullum ba tare da ta yi masa komai ba, domin fararen ƙwayoyin jini da ake kira nutrofil suna kashe ta. Mai sankarar jini da aka yi wa magani mai ƙarfi, ko wanda aka yi wa dashen ɓargo, waɗannan ƙwayoyi sukan faɗi ƙasa da 500 a kowace maikrolita ta jini, kuma idan suka wuce kwana goma a haka, funfunar tana huda jijiyoyin jinin huhu ta toshe su. A wurinsu kowa a shirye yake. Zazzaɓi ya ƙi sauka bayan kwana huɗu ko biyar ana ba da maganin ƙwayoyin cuta, sai a ɗauki hoton siti, a auna sinadarin galaktomanan, wanda funfunar ke saki, a jini, wasu ma tun farko ana ba su maganin rigakafi.

Matsalar tana wurin irin su Baba. Mai ciwon suga, da mai tsohon ciwon huhu da ya daɗe yana shan sitiroyid, wato maganin rage kumburi mai raunana garkuwar jiki, da mai ciwon hanta, da wanda mura mai tsanani ko korona ta kwantar a kan na'urar numfashi, duk tana kama su, sai dai ba ta zuwa da kamannin da aka koya mana. Hotonsu yakan yi kama da nimoniya ta yau da kullum, gwajin jinin ya fito babu komai, domin cutar ta tsaya a hanyoyin iska ba ta faɗa jini da wuri ba. Wani bincike da aka yi a Beljiyam da Holan aka wallafa a 2018 ya same ta a kusan ɗaya cikin biyar na masu murar da aka kwantar a irin wannan ɗaki. Na taɓa jinyar wani dattijo da aka sauya wa maganin ƙwayoyin cuta har sau uku, sakamakon majinarsa ya nuna funfuna, aka ce gurɓatar kwalba ce, sai da aka zura bututu aka wanko ruwan huhunsa sannan gaskiya ta fito, kuma a lokacin an makara. Saboda haka, ni a ganina, likitocin Baba sun kyauta da suka yi zargin tun yanzu.

Ki tambaye su wace iri ce, domin maganin ya bambanta. Asfajilus tana jin maganin borikonazol, wanda ya zama zaɓin farko tun bayan wani babban gwaji da aka wallafa a 2002, amma wata funfunar da ake kira Mukor, wadda ta fi son masu ciwon sugan da bai daidaitu ba, ba ta jin sa ko kaɗan. Ita ce ta kama fiye da mutum 40,000 a Indiya a 2021, lokacin da suga da korona da yawan sitiroyid suka haɗu. Takan fara daga hanci ta wuce ido da ƙwaƙwalwa, kuma tana buƙatar maganin amfoterisin B da tiyatar yanke ruɓaɓɓen nama da gaggawa. Idan kika ga kumburin gefe ɗaya na fuska, ko baƙin tabo a hanci ko ganɗa, kada ki jira zagayen safe.

Wata ta tambaya a ƙarƙashin saƙonki ko sikila tana cikin cututtukan jinin da ake nufi. Ba ita ake nufi ba, tunda ba ta rage nutrofil, sai dai wanda ƙarin jini ya tara masa ƙarfe a jiki har ake ba shi desferoksamin, maganin fitar da ƙarfen, shi Mukor tana iya samun kafa a jikinsa.

Idan an fara borikonazol, Baba zai iya cewa yana ganin walƙiya ko launuka, wannan sananne ne kuma yakan wuce, amma a riƙa duba hantarsa, kuma ki kai wa likita duk magungunan da yake sha, musamman idan akwai rifampisin na tarin fuka, domin yana karya ƙarfin borikonazol. Amfoterisin kuwa ƙoda yake taɓawa, sai a sa ido kan fitsari da sinadarin fotasiyam. Maganin yakan ɗauki mako shida zuwa goma sha biyu, ko fiye, don haka ku shirya kuɗinsa tun yanzu, kuma idan ana gini ko rushe bango kusa da ɗakin, ki roƙi a rufe tagogi ko a matsar da gadonsa.