Ga mai son zuwa Turai karatun histon da ɗan tayi

Ƙanenmu, ka ce ka gama digirin farko a bayokemistiri, kana son bincike kan yadda alamomin da ke kan furotin ɗin histon, wanda DNA ke naɗe a jikinsa, suke kunna ƙwayoyin gado ko su rufe su a kwanakin farko na ɗan tayi. Ka tambayi ina za ka nufa, da me za ka tanada.

Sa a ranka da ɓera za ka yi aiki. Jamus ta hana bincike da ɗan tayin mutum tun dokar 1990. Birtaniya ta yarda, amma sai da lasisin HFEA, hukumar da ke sa ido kan aiki da ɗan tayin mutum, kuma ba a wuce kwana 14. Shi kansa ɓeran, sai ka yi kwas an ba ka izini kafin ka taɓa shi.

Ana yi wa macen ɓera allurar sinadarin PMSG, ma'aunin IU 5, don ƙwai da yawa su nuna, bayan awa 46 zuwa 48 a bi ta da allurar hCG don ta sake su, a haɗa ta da namiji. Kamar awa 20 bayan hCG sai a ciro ƙwayayen, a wanke da hayaluronides, sinadarin da ke cire sel ɗin uwa daga jikinsu, a ajiye su cikin ruwan rainon ɗan tayi na KSOM a zafin digiri 37 da iskar CO2 kashi 5 cikin ɗari. In mace ɗaya ta ba ka ƙwai ashirin zuwa talatin, ka gode Allah. Tsohuwar hanyar gano wuraren alamomin histon, wato ChIP-seq, miliyoyin sel take ci, shi ya sa aka raja'a kan sababbin hanyoyin da sel kaɗan ke isarsu, wato CUT&RUN da CUT&Tag.

Wurin lokaci ne sababbin zuwa suka fi yin ɓarna. A ƙwan ɓera, alamar histon mai suna H3K4me3 shimfiɗe take da faɗi. Sai ƙarshen matakin sel biyu, lokacin da ɗan tayin ya fara karanta nasa DNA, take tsukewa zuwa bakin ƙwayoyin gado. In ka haɗa 'yan tayin farkon matakin da na ƙarshensa a kwalba ɗaya, sakamakonka ya zama kwamacala. Haka 'yan sel ɗin uwa da suka maƙale jikin ƙwai: kaɗan sun isa su gurɓata komai. A mutum kuwa wannan farkawar sai wajen sel takwas, don haka kada ka ɗora masa na ɓera kai tsaye.

In kana son bambance alamomin da aka gada daga uwa da na uba, kamar alamar H3K27me3 ta uwa da ke rufe ƙwayar gado ta Xist, sai ka haɗa nau'in ɓera biyu, B6 da CAST.

Tun kana gida ka koyi manhajojin R da Linux; rabin aikin a kwamfuta yake. Sannan ka duba Cibiyar Babraham kusa da Kambirij da Helmholtz ta Munik, ka rubuta wa shugaban ɗakin gwaji kai tsaye, ka ambaci takardarsa ɗaya da ka karanta har ƙarshe.